Kwana 12 a Tawa da kalangun aro

Shekaranjiya da dare muka dawo Yamai daga Tawa, muryata a dushe, jan ƙasar Adar, yankin Tawa, har yanzu bai fita daga takalmina ba. Ina so in rubuta abin da na gani tun bai huce ba.

Mu ɗaliban wasan kwaikwayo jarrabawarmu kashi biyu ce. Akwai ta takarda, inda za ka zauna awa uku kana rubutu da Faransanci a kan tarihin dandamali, tun daga Girkawan dā har zuwa wasannin samariya na zamanin Seyni Kunce. Akwai kuma ta jiki, wadda ta fi tsinka zuciya: malamai uku a gaba da alƙaluma, ba mai tafi, ba mai dariya, kai kuma ka nuna abin da ka iya cikin minti 20. Wanda bai kai 10 bisa 20 ba sai ya jira zagaye na biyu, hutunsa ya lalace ke nan. Mu shida muka haɗa wasa a kan ci-rani. Ni na fito a matar da mijinta ya tafi Abijan, shekara uku ba aike ba waya. Na zauna bakin murhu na yi ta kuka har hawayen gaske suka zubo, aka ba ni 16. Da wannan wasan aka zaɓe mu mu je sansanin horo na babban hutu a Tawa, tare da ɗalibai daga Maradi da Damagaram da Doso da Agadas. Baba ya daɗe bai amsa ba. Shi har gobe wasan kwaikwayo bai shiga lissafinsa na karatu ba. Sai da malaminmu ya zo gida da kansa, ya zauna a tabarma ya sha shayi da shi, sannan ya ce in tafi, Allah ya tsare.

Kafin kiran assalatu motarmu ta bar tasha. Ni da na ci burin ganin raƙuman dawa a Kure, gari bai gama wayewa ba muka wuce wurin. Doso mun tsaya ne kawai an sauke fasinja an ɗauki wasu. A Dogon Dutsi ne na farka sosai, don dutsen nan da garin ya ci sunansa yana tsaye ja wur a bayan gidaje, ƙasa kuma ta yi kore shar da gero. Malam ya nuna mana arewa da hannu ya ce can ne Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Mun karanta ta a aji, amma ban taɓa kawowa a raina cewa hanyar garinta tana nan kusa da inda ake sayar da dafaffen ƙwai da ruwan leda ba.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne a wani shinge kafin mu kai Birnin Konni. Aka ce kowa ya sauko da katinsa, muka sauko. Takardunmu cikakku ne, har da ta izinin tafiya mai hatimi. Wani jami'i ya hango buhun kayan wasanmu ya ce a kwance. Ciki akwai tsofaffin tufafi, da ƙwarya biyu, da kalangun da muka aro wurin wani makaɗi na unguwarmu, wanda ya ba mu da sharaɗin mu dawo masa da shi yadda ya ba mu. Mutumin ya ɗaga shi sama ya ce, "To, maroƙa ne ashe." Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne." Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ke ma? Iyayenki sun san kina yawon kiɗa?" Na yi shiru, don an ja mana kunne tun daga Yamai cewa ba a musu a shinge. Sai ya ce yana so ya ga abin da ke cikin kangon. Kalangu ai girgiza shi kawai za ka yi ka ji ko da wani abu. Shi kuwa ya sa makullin babur ya danna fatar har ta ɓarke, ya leƙa, ya miƙo mana ya ce mu tafi. Bincike ban ƙi shi ba, kowa ya san halin da ƙasa ke ciki, kuma abokan aikinsa biyu da suka duba katunanmu sun yi mana magana da mutunci. Amma wannan ba bincike ba ne, raini ne. Da kwamfutar wani ce ba zai soka mata makulli ba. Har muka shiga Konni, inda 'yan canji ke kaɗa damin naira da sefa a bakin titi, ba wanda ya ce uffan a cikinmu.

Daga Tsarnawa mota ta karya arewa, ƙasa ta canza. Duwatsu baƙaƙe da jajaye zube ko'ina, gonaki an jera musu duwatsu layi-layi don ruwa kada ya kwashe ƙasa. Bayan Badagishiri hadari ya haɗo, muka shiga Tawa da la'asar sakaliya cikin yayyafi, bayan tafiyar kilomita kusan 550.

Masaukinmu wata makaranta ce da yara suka tafi hutu. Aka tura tebura gefe, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗaura gidajen sauro daga taga zuwa taga, mata aji biyu, maza aji uku. Mu kusan talatin ne. Bayan sallar asuba gudu, bayan gudu motsa murya: ka tsaya a wannan bangon filin makaranta, abokinka a wancan, ka yi masa magana a hankali ya ji, ba tare da ka yi ihu ba. A Yamai mun saba da makirfo, ko kuma ɗaki rufaffe inda bango ke taimakon murya. Nan iska ce kawai da kukan awaki. Kwana uku na farko maƙogwarona kamar an zuba barkono. Da hantsi rawa da kiɗa, da rana a kwanta don zafi, da yamma kowane rukuni ya koma kan wasansa. 'Yan Damagaram sun fi kowa iya ban dariya, kuma ba su ɓoye alfaharinsu da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Yazi Dogo da ta yi suna a garinsu ba. 'Yan Agadas sun koya mana tafin tende, kiɗan Buzaye. Mu 'yan Yamai abin da aka fi lura da shi a kanmu Hausarmu ce, wadda ba ta jimla uku sai Faransanci ko Zabarmanci ya faɗo ciki.

Maganar kalangu kuwa, mai gadin makarantar ne ya ce mu kai shi wurin mahauta, don kalangu kiɗansu ne tun kaka da kakanni. Ran Lahadi, ranar babbar kasuwar Tawa, ni da wani abokin karatuna muka hau kabu-kabu. Dala 40, wato sefa 200, muka biya kowanenmu, ba ciniki ba rigima, abin da a Yamai sai ka yi ta jayayya da mai tasi kafin ya yarda ya kai ka. Kasuwar ta cika ta batse: Buzaye da rawunansu, Fulani mata da ƙoren nono, Adarawa da jakuna, albasa tuli-tuli. Cuku na gani an jera shi fari tas, faffaɗa, da zanen tabarmar da aka shanya shi a kai. Kuɗin guda biyu a Yamai nan ya saya mini biyar, kuma mai sayarwar ta ɓalla mini in ɗanɗana kafin in ciro kuɗi. A Yamai wa zai ba ka ɗanɗano? Aka yi ta nuna mana hanya har muka sami wani tsoho a ƙarƙashin rumfa, fatu rataye a bayansa. Ya juya kalangun, ya ja tsarkiyar ɗaya bayan ɗaya, ya ce kangon nagari ne, wanda ya sassaƙa shi ya san aiki. Da ya ji yadda aka yi fatar ta ɓarke sai ya girgiza kai kawai. Ya ce mu dawo jibi. Muka tambayi kuɗi, ya ce jikka guda, wato sefa dubu, kuɗin fata, aikin hannunsa kuma ya bar mana tunda karatu muke. Na so in ƙara masa, ya ce, "Ɗiyata, aje kuɗinki, ki sha hura." Da muka koma karɓa, sai da ya rataya shi a kafaɗa ya matsa ya kaɗa mana kirarin mahauta, har masu nama suka bar wuƙaƙe suna ɗaga hannu.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Inna. Gidanta na jikin katangar makarantar, kuma tun rana ta biyu ta fara aiko jikarta da ƙwaryar fura, furar gero mai kauri da nono, ba irin tsararon da muke saya a leda ba. Ba wanda ya roƙe ta. Mun haɗa kuɗi mun kai mata, ta ce in mun sake za ta daina aikowa. Da yamma takan ɗauko kujerarta 'yar tsugune ta zauna bakin ƙofa tana kallon gwajinmu tana tsinkar zogale. Ran da na yi wurin kukan nan nawa, wanda ya ba ni 16, na gama na share ido, sai ta yafito ni.

"Ɗiyata, wa ya gwada miki hakanga?"

Na ce, "Inna, mu muka rubuta."

Ta ce, "Mijina shekara bakwai ya yi Abijan. In na zamna bakin murhu ina kuka, wa za shi nome gona? Wa za shi tahi rijiya? Ɗiya biyar mi za su ci?"

Daga nan ta ba ni labari har magariba. Yadda maza ke tashi da an gama girbi, wasu su dawo da faɗuwar ruwa, wasu damina ta zo ta wuce ba a gan su ba. Yadda ta yi shuka ita da surukarta, ta sayar da tunkiyar aurenta ta sayi gero a tsakiyar bazara lokacin da tiya ta fi tsada, ta shiga aikin gina ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata a kan fako don a ba ta abinci. Yadda matan unguwa ke adashi, wadda aka aiko wa kuɗi ta ranta wa wadda ba a aiko wa ba. Ta ce kuka akwai shi, amma da dare ne, fuska a bango, don kada yara su ji. Abin da ya fi ci mata rai ba kewa ba ce, ranar da mutum zai dawo da akwati da rediyo ya shiga tambayar ina tunkiya.

A daren nan ban yi barci ba. Mu shida da muka rubuta wasan ba wanda ya taɓa zama da matar ɗan ci-rani ya tambaye ta, alhali Yamai cike take da 'yan Adar masu tura baro da masu shayi, kullum muna wuce su. Da safe na gaya wa Malam, ya ce to, ga kwana biyar, ku gyara. Muka zubar da rabin wasan. Murhu ya tafi, aka kawo hauya da guga da turmi. Matar tana aiki daga farko har ƙarshe, tana magana tana daka, kuka kuma ya koma numfashi ɗaya tak a cikin duhu. Inna ta zama mai gyara mana harshe. In na ce "suka tafi" ta ce "sunka tahi", in na saki kalmar Faransanci ta ce in maido ta inda na ɗauko. Ta hana ni riƙe taɓarya yadda nake riƙewa, ta ce haka hannu zai yi kanta kafin a kai rabin turmi.

Ranar ƙarshe aka yi wasannin a wani fili na unguwa bayan la'asar, mutane zagaye da mu, yara a kan katanga. Nan na san bambancin 'yan kallo da masu ba da maki. Ba sa jira ka gama. Da mijin ya shigo da akwatinsa ya tambayi tunkiya, wata mata daga baya ta ɗaga murya ta ce, "Gaya mishi gaskiya!" Fili ya ɗauki guɗa, sai da mai kalangu ya rufe da kiɗa kafin in samu in ci gaba. Wasu maza sun ɓata fuska, ɗaya ya tashi ya tafi. Wani dattijo kuma ya same mu bayan an tashi ya ce mun faɗi ta mata, saura ta mazan da ke kwana a kan kwali a bakin kasuwar Abijan don su tara abin aikowa. Malam ya rubuta maganarsa a littafinsa. Inna ba ta ce ya yi kyau ba, ta dai kama hannuna ta duba tafin, ta ga ƙululun da taɓarya ta tayar, ta ce gobe in biyo kafin mu tashi.

Sauran garin a gurguje na gan shi: filin kokowa daga waje, da manyan titunan da aka gyara lokacin Tawa Sakola, bikin ranar Jamhuriya na 2017, waɗanda suka fi na unguwarmu ta Bukoki tsabta nesa ba kusa ba. Dawowa ruwa muka sha tun daga Konni har Doso. A shingen nan wasu ne ke aiki, suka duba kati suka ce Allah ya kiyaye hanya. Mai kalangu ya karɓi abinsa, ya kaɗa sau biyu, ya ce wannan fatar ta fi ta dā.

Saƙon Inna ƙullin dawo ne da cuku guda goma, na autanta da ke tura baro a kasuwar Katako. Jiya na yi ta tambaya rumfa-rumfa har na same shi wajen masu katako, yana sauke kaya. Na ce daga Tawa nake, daga wurin Inna. Ya goge hannuwansa a riga ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana riƙe da ƙullin bai kwance ba. Sannan ya tambaye ni ko geron gonar bayan makaranta ya fara fidda kai. Na ce ya fara.