Na'urar awon yawu, a idon mai jinyar tsofaffi

Ƙarancin ruwa a jikin tsoho ba ya sallama. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar matashi, sai dai kawai ka ga ya fara rikicewa, ko ƙoda ta fara gazawa. Dabarun da aka koya mana a makarantar jinya har gobe muna yin su: a mintsini fata a ga ko za ta koma, a leƙa harshe, a duba launin fitsari. Amma bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitanci tana tantancewa, ta fitar a 2015 ƙarƙashin jagorancin Lee Hooper, ta nuna waɗannan alamomin ba abin dogaro ba ne ga tsofaffi. Ban yi mamaki ba. Fatar ɗan shekara 80 ai dama ta saki, ko ya sha ruwa ko bai sha ba.

Abin dogaron shi ne gwajin jini, inda ake auna yawan gishiri da sauran abubuwan da suka narke a ciki. Na mai lafiya yana tsakanin miliyosmol (ma'aunin abubuwan da suka narke) 275 zuwa 295 a kowane kilo. To amma sai an soka allura, a kai ɗakin gwaji, a zauna jira, ga jijiyar tsoho da wuyar samu.

Shi ya sa nake bibiyar masu ƙera na'urar awon yawu. Kusan kashi 99 cikin 100 na yawu ruwa ne, kuma ya fi jini tsinkewa nesa ba kusa ba. Idan jiki ya fara tattalin ruwa, yawun yakan ragu, ya yi kauri. Tun 2004 Neil Walsh da abokan aikinsa a Bangor ta Birtaniya suka nuna kaurin yana hawa daidai yadda mutum ke asarar ruwa. Na'urar kuwa kamar ta awon suga take: a taɓa ɗan tsinken gwaji a harshe, lantarki kaɗan ya ratsa yawun, sauƙin wucewarsa ya nuna yawan gishirin. Kamfanin MX3 ya riga ya fitar da irinta, 'yan wasa da masu aikin ma'adinai suna amfani da ita.

A nan damuwata take. Ɗan wasa lafiyayye ne, bakinsa cike da yawu. Majinyacin da na fi jin tsoronsa kuwa shi ne wanda ke kwance baki buɗe, yana numfashi ta baki, harshe a bushe ƙamas. Ina yawun da za a auna? Ga masu shan magungunan da ke busar da baki, ga masu ciwon Sjögren mai busar da baki da ido, ga waɗanda aka gasa wa kansar wuya har wuraren fitar yawu suka lalace. Kurɓin ruwa ɗaya ma yana tsinka yawun na wasu mintuna, kuma 'yar uwar da ke jinya ba za ta nemi izini ba kafin ta jiƙa wa mahaifinta baki.

Da injiniyoyin za su tambaye ni, zan ce su fara gwaji a kan waɗannan gadajen, ba a filin wasa ba. Idan yawun bai isa ba, na'urar ta fito fili ta ce bai isa ba, kada ta ƙago lamba, don nas mai majinyata da yawa lambar za ta gaskata. Sannan su rubuta a jikinta cewa mai amai da gudawa ruwa da gishiri yake zubarwa tare, awon kauri na iya nuna lafiya lau alhali shi ne ya fi kowa buƙatar ƙarin ruwa.