Ranar Vesak a ƙarƙashin bishiyar Bodh Gaya

Idan wata ya cika a watan Vesakha na kalandar Indiya, wanda yakan faɗo cikin Afrilu ko Mayu, mabiya addinin Buddha suna tunawa da abubuwa uku a rana guda da ake kira Vesak: haihuwar Siddhartha Gautama, wato Buddha, wanda ya kafa addinin, da wayewar da suka yi imani ya samu, da kuma rasuwarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wannan rana a shekarar 1999.

Wurare huɗu ne manyan wuraren ziyararsu, wato Lumbini a Nepal, da Sarnath da Kushinagar da Bodh Gaya a Indiya, amma na ƙarshen ne ya fi jan hankalina. A wannan gari na jihar Bihar ne haikalin Mahabodhi yake, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2002, kuma a bayansa akwai bishiyar da ake ɗauka jikar wadda Gautama ya zauna a gindinta ya samu wayewar ce. Sarki Ashoka na Indiya ya girmama wurin tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma 'yarsa Sanghamitta ta kai reshen bishiyar zuwa garin Anuradhapura a Siri Lanka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne haƙurin masu ziyarar. Wasu sukan kewaya haikalin ba takalmi, sanye da fararen tufafi, riƙe da furanni, yayin da 'yan Tibet kan miƙe rubda ciki a kan allunan katako su tashi su sake, har katakon ya yi santsi saboda gugar hannu. Ba a tsinke ganyen bishiyar, sai dai mutum ya jira iska ta kaɗo masa ɗaya.