Kunun Zaƙin Alkama da Abarba a Ƙauyen Kadawa

Daga tashar Unguwa Uku da ke Kano na hau motar Kura da sassafe, a ƙarshen watan Fabrairu, sanyi bai gama sakin gari ba. Tafiyar ba ta da nisa, kusan kilomita 30 ce a kan titin Zariya. Daga Kura sai mai babur ya gangara da ni ta gefen kanal zuwa wani ƙauye kusa da Kadawa, a ƙaramar hukumar Garun Malam, inda aka yi mini kwatancen wata dattijuwa, Inna, mai yin kunun zaƙi da tsiron alkama.

Duk wannan yanki da ruwan Tiga yake rayuwa. Dam ɗin da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, shi ke ciyar da gonakin rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Hagu da dama alkama ce ta fitar da kai, wata ta fara ja. Ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta sha sanyin hunturu, a girbe a Maris ko Afrilu. Wanda ya makara, zafi ya riski alkamarsa tana fure, ƙwaya ta motse.

Na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya. Kafin gaisuwa ta ƙare an miƙo mini kofin silba.

"Sha tukuna, 'yar nan, sai ki yi tambaya."

Kalarsa ruwan madara ce da ta ɗan sirka da rawaya. Ƙamshin abarba ne ke fara isa hanci, amma a baki zaƙin hatsi ne ke gaba, mai laushi, ba irin na sukari da ke kama maƙogwaro ba. Sai ɗan tsami ya biyo, citta ta rufe da yaji. Ya fi kunun zaƙin gero zalla santsi a harshe, kuma babu garin da ke kwanciya a gindin kofi. In da zan ga laifinsa, kanumfari ya ɗan yi yawa, yana danne abarbar.

Aikin yana farawa kwana shida ko bakwai kafin ranar sha. Inna tana auna rabin kwano na alkamar bara, don sabuwar girbi ba ta tsira bai ɗaya. Ta tsince, ta wanke, ta jiƙa ta kwana, ta sauya ruwan sau ɗaya a tsakani. Da safe ta tsane ta, ta baza a buhun algarara mai danshi, kaurin bai wuce yatsa biyu ba, ta rufe da wani buhun a cikin ɗaki. Safe da yamma tana yayyafa ruwa tana juyawa da hannu. Cikin kwana 3 zuwa 4 saiwoyi farare sun fito sun sarƙe. Da tsiron ya kusa kai tsawon ƙwayar sai ta shanya a rana kwana biyu, ta murje saiwar ta sheƙe. In aka bari ya yi kore, kunun ɗaci zai yi. In ruwa ya kwanta a buhun, funfuna ta kama, wannan kuwa zubarwa ake yi, wanki ba ya gyara shi.

Ta ja mini kunne a kan abu guda: alkamar iri da ake raba wa manoma, wadda aka cuɗe da magani har ta yi ja, ba ta shiga tukunya ko an wanke ta sau goma.

Alkama kaɗai ba ta yin kunun zaƙi, yauƙi take yi ta toshe abin tata. Don haka gero ne jikin kunun: kwano 2, a jiƙa ya kwana, a wanke, a kai inji tare da busasshiyar citta cikin tafin hannu, masoro da kanumfari cokali ɗaiɗai, barkono ƙwaya huɗu. Tsiron kuma daban ake markaɗa shi, da busasshen dankalin Hausa cikin gwangwanin madara biyu.

Wajen damu ne gwaninta take. Ana sheƙa tafasasshen ruwa, kamar lita 15, a kan ƙullun geron ana tuƙawa da muciya har ya yi kauri kamar koko. Ba a zuba tsiron nan take. Inna ta tsoma yatsa ta cire da sauri, ta ce da saura. Sai da ya huce yadda yatsa zai iya daurewa ɗan lokaci, sannan ta juye markaɗen tsiron ta gauraya. A idona, kafin rabin awa, damun da muciya ke tsayawa a ciki ya tsinke ya zama ruwa. Dalili kuwa, hatsi in ya tsira yana samar da sinadarin da ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari. Sinadarin ya fi aiki a zafin digiri 60 zuwa 70. In damun ya fi haka zafi sosai sai ya mutu, a wayi gari da kunu mai kauri marar zaƙi. In kuma ya yi sanyi, tsami ya riga zaƙi zuwa.

Ana rufewa ya kwana, awa 8 zuwa 10 a lokacin sanyi, ƙasa da haka a bazara. Da asuba a tace da farin ƙyalle sau biyu.

Abarbar ba ta nan ba ce, daga Kudu take zuwa ta kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa. Manya guda biyu sun ishi wannan awon. Ana fere su, a markaɗa, a tace, a ɗora ruwan a wuta ya yi tafasa ɗaya, ya huce, sannan a haɗa da kunun dab da za a ɗura. Ɓawon ba ya shiga ko kaɗan, don a jikinsa ƙwayoyin yis suke zaune. Ranar da babu abarba, ruwan tsamiya take sawa, wani lokaci da jiƙon goruba. Na ɗanɗana na tsamiyar, ni dai ya fi kwanta mini; ya fi dacewa da cittar.

Masu yin giyar alkama a Jamus da Beljiyam ma da tsiro suke farawa, sai dai su da gangan suke zuba yis su bar shi kwanaki ya cinye sukarin. A nan abin da ake gudu ke nan, kuma Inna ba ta wasa da shi. Ba ta yin fiye da abin da za a sayar a yini. Gorunan roba da ruwan zafi ake ɗauraye su, ba a cika su har wuya, kuma kai tsaye cikin kula mai ƙanƙara suke shiga.

"Inna, yaya ake gane ya juya?"

"Matsa gorar. In ta yi tauri, ko kin buɗe ta yi huci, ko kumfa na tasowa daga ƙasa, to ya tashi daga kunu. Zubarwa za ki yi, kada ki bai wa ko yaro."

Wanda zai tafi da shi Kano ya zo da kularsa, ya sayi ƙanƙara tun daga Kura, don ƙauyen ba wuta. Ba tare da sanyi ba, mai abarbar ba ya kai la'asar a ranar zafi. A firji yana yin kwana biyu, amma tun daga na biyun tsamin ya fara rinjayar zaƙin.