Tarihin Rayuwar Shirley Chisholm (Kashi na 4): Malamar da Aka Tura Kwamitin Dazuzzuka

Makon jiya mun rabu da Shirley a Albany, a majalisar dokokin jihar New York, inda ta fara zama a 1965. A can ne ta tsaya kai da fata har masu aikatau a gidajen mutane suka shiga cikin waɗanda ake ba kuɗin tallafi idan aiki ya kuɓuce musu. Yau za mu raka ta Washington.

Kotu ce ta buɗe mata ƙofa. Shekara da shekaru an yayyanka unguwar Bedford-Stuyvesant da ke Brooklyn, an rarraba ta ga mazaɓu da dama, don kada ƙuri'ar baƙar fata ta taru wuri guda ta yi nauyi. Da aka kai ƙara, sai aka tilasta sake shata iyaka, aka fitar da sabuwar mazaɓa ta 12 a 1968. Kowa ya san baƙar fata ne zai ɗauki kujerar. Abin da mazan siyasar unguwar ba su kawo a ransu ba shi ne mace ce za ta ɗauka.

A zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat, hankalin manya ya fi karkata ga William Thompson, sanata a majalisar jiha. Shirley ba ta da kuɗinsa, ba ta da iyayen gidansa. Abin da take da shi mota ce da aka ɗaura wa lasifika, da taken da ke cewa ba a saye ta ba, kuma ba mai juya ta, sai tsohon ubangidanta a siyasa, Wesley Holder, wanda suka yi shekara goma ba sa ga maciji saboda ta taɓa neman ture shi daga shugabancin ƙungiyarsu. Shi da kansa ya dawo ya kama mata. A watan Yuni ta kayar da Thompson da ratar da ba ta kai ƙuri'a 800 ba.

Murna ba ta je ko'ina ba sai ciwo ya kwantar da ita. Likitoci suka gano ƙari a cikinta, aka yi mata tiyata. Tana kwance abokin hamayyarta na babban zaɓe yana ta zaga unguwa da ganguna. Kuma ba ƙaramin mutum ba ne: James Farmer, tsohon shugaban ƙungiyar CORE mai fafutukar 'yancin baƙar fata, wanda ya jagoranci tafiye-tafiyen motocin safa na 1961 da suka ƙalubalanci wariyar launin fata a kudancin Amurka. Mutumin da aka ɗaure saboda 'yancin baƙar fata, ga suna, ga murya. Jam'iyyar Liberal ce ta tsayar da shi, 'yan Rifablikan suka mara masa baya.

A nan ne Farmer ya yi kuskuren da nake ganin shi ya kayar da shi. Ba zai iya cewa Shirley ba baƙa ba ce, ba zai iya cewa ba 'yar unguwa ba ce (shi ne ma baƙon, don ba a Brooklyn yake zaune ba), sai ya kama batun mace. Mutanensa suka riƙa yaɗa cewa namiji ake bukata a Washington, ita kuwa 'yar ƙaramar malamar makaranta ce. Holder bai ce uffan ba. Ya zauna da kundin rajistar masu zaɓe yana ƙirga suna ɗaya bayan ɗaya, ya tarar mata sun ninka maza fiye da sau biyu. Ashe Farmer yana zagin mai gida ne a cikin gidanta.

Shirley ta tashi tun ɗinkin bai gama warkewa ba. Ta rame har tufafi ba sa zama a jikinta, ita da bakinta ta ba da labarin yadda ta naɗa babban tawul a ƙugu don kada su zame, ta sauko daga bene ta hau motar lasifika. Ta bi ƙungiyoyin iyayen yara, da coci-coci, da falon mutane inda mata ke taruwa. Shekarun da ta yi tana kula da gidajen renon yara ba su tafi a banza ba, yawancin matan nan sun san ta tun 'ya'yansu na rarrafe. Idan ta shiga layin mutanen Puerto Rico sai ta juya harshe zuwa Sifaniyanci, wanda ta koya a kwalejin Brooklyn. Farmer ba ya iya wannan.

Ranar 5 ga Nuwamba 1968 ta sami ƙuri'a 34,885, shi kuma 13,777. Ta zama baƙar mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin tarayyar Amurka, tana gab da cika shekara 44.

Majalisar wakilan da ta shiga a Janairun 1969 tana da kujeru 435. Mata goma ne, baƙar fata tara, ita kaɗai ce ta faɗa cikin lissafin biyu. Kuma gida ne da ake bautar daɗewa. Sabon shiga ba ya magana, ba ya zaɓen kwamiti, inda aka ajiye shi nan yake zama har gashinsa ya yi furfura. A lokacin 'yan Dimokurat da ke kwamitin haraji, ƙarƙashin Wilbur Mills na Arkansas, su ne ke raba wa 'yan jam'iyya kwamitoci. Ita ta nemi na ilimi da ƙwadago, fagen da ta ƙware a kai. Da takarda ta fito, sai ga sunanta a kwamitin noma, ƙaramin kwamitin raya karkara da dazuzzuka.

Dazuzzuka! Wakiliyar unguwar da ba ka ganin komai sai benaye da kwalta.

Ta buga wa kakakin majalisa John McCormack waya. Dattijon ya ba ta haƙuri, ya ce ta zama sojan kirki, ta bi layi, lokacinta zai zo. Wani zai ce ai shawara ce ta hankali, har ma kwamitin noman shi ke kula da takardun tallafin abinci da talakawan mazaɓarta ke dogaro da su. Wannan hujja tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Sai dai ita abin da ta hango daban ne: baƙar fata tara ne kacal a zauren, idan aka jefa ɗaya inda ba za ta yi amfani ba, kuma ta yi shiru, to ta koya musu yadda za su yi da ita har ƙarshen zamanta.

Ranar taron 'yan jam'iyya da za a amince da rabon, ta miƙe don a ba ta dama. Duk lokacin da ta tashi sai wasu tsofaffin 'yan majalisa su tashi tare da ita, mai jagorantar zama ya kira ɗaya daga cikinsu. Ta zauna, ta sake tashi, aka sake tsallake ta. Da abin ya ishe ta, sai ta bar kujerarta ta bi ta tsakiyar zaure, 'yar siririyar mace da tabarau, ta je gaban teburin shugabanni ta tsaya cak. Ba a saba ganin haka ba. Dole aka ba ta magana. Ta gabatar da bukatar a cire sunanta daga kwamitin noma a nemo mata wani, kuma aka amince. Wasu abokan aiki suka raɗa mata cewa ta kashe kanta a siyasa.

Aka mayar da ita kwamitin harkokin tsofaffin sojoji. Ba shi ta nema ba, amma ta karɓa, tana cewa ai tsofaffin sojoji sun fi itatuwa yawa a mazaɓarta.

Ofishinta ta cika shi da mata, kusan rabinsu baƙar fata, a lokacin da mace a ofisoshin majalisa ba ta wuce bugun tafireta. Jawabinta na farko a zaure kuwa, a Maris 1969, a kan yaƙin Biyetnam ta yi shi. Ta haɗa abubuwa biyu da suka faru rana ɗaya: Shugaba Nixon ya sanar da shirin garkuwar makamai masu linzami, a Washington kuma an rage shirin Head Start na yaran talakawa wai babu kuɗi. Ta ce daga ranar ba za ta sake ba kasafin ma'aikatar tsaro ƙuri'arta ba har sai ƙasar ta gyara abin da ta sa a gaba.

Kwamitin ilimin da ta nema tun farko bai zo hannunta ba sai 1971, kuma ta hanyar da ta ɓata wa wasu magoya bayanta rai. A zaɓen shugaban masu rinjaye ta ba Hale Boggs, farar fata daga Louisiana, ƙuri'arta. Ba da jimawa ba kujerar ta fito. A shekarar ce kuma ta kasance cikin mutum 13 da suka kafa ƙungiyar baƙar fata ta 'yan majalisa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga cocin Concord Baptist da ke Brooklyn, ranar 25 ga Janairu 1972, inda ta hau mumbari ta ce tana neman shugabancin Amurka, yawancin mazan ƙungiyar nan kuwa suka juya mata baya.