Wasiƙata a cikin akwatinsa

Talata, bayan sha ɗaya na dare. Barci ya ƙi zuwa.

Da sassafe wayata ta yi ƙara, na ga sunan abokina, na ɗauka da fara'a. Sai na ji muryar babbar 'yarsa tana rawa: "Baba, sai haƙuri, abokinka ya rasu cikin dare." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe zaune a bakin gado, wayar tana hannuna.

Shekara biyar muka yi a makarantar kwana, gadonsa a sama, nawa a ƙasa. Shi ke tashina kullum kafin a kaɗa ƙararrawa, ni kuma in taimaka masa da lissafi. Da muka gama, na ci gaba da karatu, shi kuwa ya sa kaki.

A 1979 aka tura shi kudancin Labanon cikin dakarun wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, rundunar UNIFIL da Kwamitin Sulhu ya kafa a watan Maris na 1978, bayan sojojin Isra'ila sun kutsa har kogin Litani. Hedkwatarsu tana Naƙura, a bakin teku, amma shi yawancin kwanakinsa a shingen bincike ya yi su. Ya dawo kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Tun daga lokacin, in muna tafiya sai ya kama hannuna ya mai da ni damansa, ba tare da ya ce uffan ba. Da aka ba dakarun Majalisar kyautar zaman lafiya ta Nobel a 1988, na je musamman na taya shi murna. Ya girgiza kai, ya ce ta waɗanda ba su dawo ba ce. Sama da mutum 300 rundunar nan ta rasa daga kafa ta zuwa yau, wasunsu kuwa ya san su ido da ido.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba na fagen daga ba ne. Sau nawa na iske shi da daddare a bakin ƙofa, ya jera takalman makarantar 'ya'yansa daga babba zuwa ƙarami, yana goge su ɗaya bayan ɗaya kamar gobe za a yi fareti. Mutane suna zaton tsohon soja sai tsawa. Ni dai ban taɓa jin ya ɗaga wa matarsa murya ba.

Bayan an kai shi makwancinsa, 'yar ta kira ni gefe ta buɗe mini wani akwatin ƙarfe. A ciki akwai shuɗiyar hularsa, da lambar yabo, da wata takarda da ta yi ja, ninkinta ya kusa yagewa. Rubutuna ne. Wasiƙar da na aika masa Labanon, shafi ɗaya, labarin 'yan ajinmu ne kawai, wane ya yi aure, wane ya samu aiki. Ni na manta na taɓa rubuta ta. Shi ya adana ta fiye da shekara arba'in.

Nan ne hawaye suka ƙwace mini. Sau biyu ya kira ni watan jiya yana cewa in leƙo mu yi hira, ni kuma ina ce masa sai mako mai zuwa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

"Baba, kullum yana maganarka," in ji ta.

"Na sani, 'yata. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri."

Gobe da hantsi zan koma. Matarsa ta ce akwai hoton ajinmu a ɗakinsa, jikoki suna so in nuna musu wanne ne kakansu, in kuma faɗa musu sunayen sauran.