Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙashin da Ke Ɗauke da Kai

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya ne a daidai inda aka shigo da ɗan kabu-kabun nan asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da ƙafarsa yake tafiya, ya tallabe haɓarsa da hannu biyu. Yau zan ajiye labari in yi bayanin abin da ya same shi, wato karayar ƙashin wuya, don irin wannan karaya tana da yaudara ƙwarai.

Gaɓoɓin ƙashin wuya bakwai ne. Na farko, C1, zobe ne da ƙoƙon kai ke zaune a kansa. Na biyu, C2, yana da ɗan tsini kamar haƙori da ya shige cikin zoben, kuma a kansa ake yin kusan rabin waiwayen da mutum ke yi. Ramin da laka ke bi a wannan wuri yana da faɗi, shi ya sa ƙashi kan karye mutum bai shanye ba. Sai dangi su ce ai targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori. Don Allah a daina. Ja ɗaya ko murɗa ɗaya na iya gocar da ƙashin ya danne laka, numfashi ya tsaya nan take. A kwantar da shi a kan abu mai tauri, a riƙe kai kada ya motsa, sai asibiti a yi hoton CT, wanda ke nuna ƙashi dalla-dalla.

Karayar haƙorin nan iri 3 ce. Ta biyu, wadda ke yanke shi daga gindi, ita ce mai taurin kai, domin jini bai cika isa wurin ba. Idan gocewar ta wuce milimita 5, ko mai ita ya haura shekara 50, da wuya ta haɗe ba tare da tiyata ba. Likita na iya bi ta gaban wuya ya zura ƙusa ta ratsa haƙorin, waiwaye ya tsira. In tsagar ta karkace ko ta tsufa, sai a bi ta ƙeya: ƙusa biyu a C1, biyu a C2, a haɗa su da sanduna biyu, a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugu a shimfiɗa. Aiki ne na taka-tsantsan, saboda jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa tana ratsawa dab da inda ƙusa ke shiga.

Abin da majinyata ba sa son ji shi ne, ƙarfe riƙo kawai yake yi. Ƙashi shi ke haɗe kansa, kuma yakan ɗauki wata 3 ko fiye. Mai shan taba yana kashe wa kansa wannan haɗuwa, har ƙusa ta gaji ta saki.

Wanda aka sa wa kambun ƙarfe mai ƙusa 4 a kai, haɗe da riga mai tauri don hana wuya motsi, zai yi kusan mako 12 da shi. Ana sake ɗaure ƙusoshin bayan kwana ɗaya zuwa biyu. A riƙa goge gindinsu kullum. In wurin ya yi ja, ko aka ga mugunya, ko aka ji ƙusa na motsi, a koma asibiti ranar, kada wani ya ɗauki sifana a gida. A zafin Sakkwato na watan Afrilu gumi kan taru a ƙarƙashin rigar ya zama gyambo, sai a riƙa zura busasshen ƙyalle mai laushi ana share ƙirji da kafaɗa safe da yamma.

Salla kuwa a zaune, da nuni, har likita ya ga hoton ya ce ƙashi ya kama. Ko bayan nan, wanda aka haɗe wa C1 da C2 zai ga sallama ta canza masa: kafaɗa yake juyawa tare da kai. Haka wajen tsallaka titi, jiki duka ake juyawa. Masu gashin ƙashi za su koya masa ƙarfafa naman wuya a hankali. Gammo da kaya a ka, da hawa babur, sai da izinin likita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma ga ranar da aka cire wa ɗan kabu-kabun nan kwalar da ke tallafe masa wuya, da tambayar farko da mahaifiyarsa ta yi.