Lambar tsakiya da ta jawo mini asarar tayoyi biyu

Peugeot 504 ɗin da nake hawa gadon mahaifina ce, kuma a nan Kakuri aka haɗa ta, a masana'antar da ta fara aiki a shekarar 1975. Tun da ta dawo hannuna nake sha'awar in raba ta da wilinta na ƙarfe mai inci 14, domin duk lokacin da na ajiye ta kusa da motocin zamani sai in ga ƙafafunta sun yi siriri. Samun wilin da ya fi girma bai ba ni wahala sosai ba, duk da cewa ramukan notin 504 guda huɗu a kan da'irar milimita 140 suke, abin da ya sa wilin yawancin motoci ba ya hawa kanta. Na samu na Peugeot 505 mai inci 15 a Panteka, ya zauna daram. Wanda zai bi wannan hanya ya auna da kyau, saboda akwai wilin 505 mai milimita 390 da aka yi domin tayar Michelin TRX, wanda tayar inci 15 ko 16 ba ta shigarsa.

A wurin taya ne na yi wauta, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Tayar da ke kan motar 175/80 R14 ce. Mai sayar da taya ya mirgino mini 205/70 R15 guda huɗu, ya ce, "Alhaji, ai wannan ita ce daidai da hanyoyinmu, ga faɗi ga ƙwari." Na dubi lambobin, na ga 70 ta gaza 80, sai na yanke wa kaina hukunci cewa gefen sabuwar tayar ya fi gajarta, saboda haka abin da wili ya ƙara taya za ta rage. Na biya kuɗi ba tare da na sa ma'auni a jikin ko ɗaya ba, alhali tef ɗin awo yana cikin motar.

A cikin gari, ni kaɗai a mota, ban ga wata matsala ba face jan jiki wajen tashi da nauyin da sitiyari ya ƙara, wanda na ɗora wa tsufan motar. Asiri ya tonu ranar da muka tashi zuwa Zariya ɗaurin aure, mu biyar, ga buhun shinkafa a but. Muna wuce Rigachikun na fara jin ƙarar gurza daga baya duk lokacin da muka faɗa rami, kafin mu kai Jaji kuwa warin roba ya cika motar. Da na tsaya na leƙa, sai na tarar bakin ƙarfen da ke saman tayoyin baya ya yanki gefensu zagaye, kamar an bi da wuƙa. A ɗaya ɓangaren har zaren ciki ya fito. Baƙina suka hau motar haya, ni kuwa na juyo Kaduna ina rarrafe, ɗaurin auren da ban halarta ba ke nan.

Wani dattijon bakanike da ya daɗe yana gyaran Fijo ne ya warware mini lissafin, da tsinke a ƙasa. Ya ce, "Ɗana, wannan lambar ta tsakiya ba milimita ba ce, kaso ne cikin ɗari na faɗin tayar." Wato a tsohuwar tayata tsayin gefe kashi 80 ne na 175, milimita 140 ke nan, a ninka biyu, a ƙara wili mai inci 14 wanda ya kama milimita 356, tsayin taya gaba ɗaya ya zama 636. A wadda na saya kuwa, kashi 70 na 205 ya kai milimita 143 da rabi, ya ma ɗara na tsohuwar, ga wilin inci 15 mai milimita 381, jimla 668. Ashe lambar da na ɗauka ragi ce ƙari ce. Na ƙara wa tayar milimita 32 a tsaye da 30 a faɗi, sannan na loda wa motar mutane da shinkafa a kan sifirin da ya shekara da shekaru yana aiki.

Wannan ƙarin na kashi biyar cikin ɗari bai tsaya a gurzar ƙarfe ba. Agogon gudu yana nuna 100 alhali motar tana kusan 105, kuma shi ne dalilin da ya sa take jan jiki wajen tashi, har ina zargin kabureta ina shirin kai ta a kwance. Da na kai ta, da wata asarar ce a kan asara.

Tayar da ta dace ita ce 195/65 R15, wadda kashi 65 na 195 ke ba ta gefe mai kusan milimita 127, jimlar tsayinta kuma 634 da rabi, bambancin da bai kai milimita biyu ba da ta asali. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tana jibge a shagon da na yi sayayyar farko, kuma ta fi arha. Wannan karon guda ɗaya na fara saya, aka ɗaura ta a gaba na murɗe sitiyari har ƙarshe dama da hagu, aka mayar da ita baya na sa yaran gareji uku suka zauna a kujerar baya, na zura hannu ina lalubar tazarar da ke tsakanin roba da ƙarfe, sannan na biya kuɗin sauran. Na kuma duba lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar ƙira a gefen kowace, tun da tayar da ta daɗe a ajiye tana tsattsagewa ko ba a hau ta ba.

Motar ta ɗan rage laushin da aka san 504 da shi, saboda gefen taya ya ragu da milimita 13, kuma ina jin hakan a titunan Tudun Wada bayan damina. Tayoyin gaba biyu da suka tsira na mayar wa mai shagon, ya karɓe su a rabin kuɗi, yana cewa sun zama na hannu. Yankakkun biyun suna bayan gida, yara sun cika su da ƙasa sun shuka tattasai.